Yadda za ka binciko tarihin su momper na SMA ba tare da ka sauya wa mutum dangi ba

Bara waccan aka saka ni cikin kwamitin da zai haɗa ɗan littafin tarihin parwas ɗinmu, wato majami'armu ta Katolika, a nan Yamai saboda bikin cika shekaru, kuma gaskiya lokacin da na ce to na ɗauka aikin sati biyu ne, in je biro in karɓo jerin sunayen su momper, wato limaman Katolika, da suka wuce in buga a kwamfuta shi ke nan. Wata bakwai na yi ina abu guda. Kuma duk da haka a bugun farko sai da na tabka kuskuren da har yau in na tuna nakan ji kunya, wani momper da tsofaffinmu ke yawan yabo na rubuta cewa Per Bulan ne don haka na ji kowa na faɗi, ashe ɗan SMA ne, wata ƙungiyar ƴan mishan daban. Ran Lahadi bayan lames, wato sujada, wani tsohon katashis, mai koyar da addini, ya jawo ni gindin bedi ya ce ɗana kai ka rubuta wannan? Na ce i Baba. Ya ce to kun sauya wa mutum dangi bayan ya mutu. Ban samu ta cewa ba.

Shi ya sa na ce bari in rubuta yadda ake yin aikin, don wanda za a ɗora wa irinsa gobe, ko a Yamai ko a Tawa ko Dogon Dutsi ko Damagaram, ko ɗalibin da aka ba shi a jami'a, ko ma wanda ya yi lekol ɗin mishan yana yaro yana son sanin wane ne wannan bature mai gemu da ya koya musu lissafi.

Abu na farko tun kafin ka sayi kaye da bik, ka san cewa su momper ba gida ɗaya suka fito ba. Mu a nan duk farin mutum mai farar riga Per Bulan muke ce masa, kuma nan ne ramin da na faɗa. Per Bulan sunan ƙungiya ce takamaimai, wadda Charles Lavigerie babban bishop na birnin Aljiyas ya kafa a 1868, kuma ba don fatarsu aka sa musu sunan ba, don farar rigarsu ce irin ta Larabawan arewacin Afirka da carbi rataye a wuya, yau da yawansu baƙaƙe ne kamar ni da kai. Akwai Redamtoris, waɗanda Alfons na Liguori ya kafa a 1732 a wani ɗan gari Scala a kudancin Italiya. Sannan akwai SMA da muke magana a kai. Sai kuma waɗanda ba su cikin kowace ƙungiya, na diyosez ne, wato yankin da bishop ke riƙe da shi, kai tsaye ƙarƙashinsa, su ne ake kira abe. To ka riƙe wannan, a takardun Faransanci in ka ga Abbé wane yawanci ɗan diyosez ne, in ka ga Père wane ɗan wata ƙungiya ne, sai ka duba ƴan haruffan da ke bayan sunansa. SMA in ka gani ka san gidan. CSsR Redamtoris ke nan. M.Afr. su ne Per Bulan na gaskiya. Waɗannan haruffa kamar zanen fuska suke, kamar yadda da ganin Ba'are ko Bagobiri ka san inda ya fito tun bai buɗe baki ba. Ƴan uwanmu na Najeriya su fada suke cewa inda muke cewa momper, in kana karanta abin da aka rubuta daga Kano ko Jos kada ya ruɗa ka.

Wani ɗan bambanci da mutane ba su cika lura da shi ba, kuma in ka rubuta shi daidai masu sani za su gane ka yi aiki: Redamtoris suna ɗaukar wa'adin talauci da rashin aure da biyayya irin na masu zaman zuhudu, su kuwa SMA rantsuwa suke yi ta zama cikin ƙungiyar da aikin bishara har mutuwa, a dokar Ikilisiya ajinsu daban. Don haka kada ka rubuta wane ya ɗauki wa'adi a shekara kaza in ɗan SMA ne, ka ce ya yi rantsuwa.

Daga nan sai ka haddace ƙashin bayan tarihin ƙungiyar, ba duka ba, ƴan shekarun da za su zame maka turke kana ɗaure kowane labari a jikinsu. Cikakken sunan shi ne Société des Missions Africaines. Wanda ya kafa ta Melchior de Marion Brésillac, Bafaranshe ne da aka haifa a 1813 a Castelnaudary, kuma abin mamaki ba da Afirka ya fara ba, Indiya ya tafi ya yi shekaru har ya zama bishop a Coimbatore. Can ya yi ta samun saɓani da abokan aikinsa kan abu biyu, yadda za a yi da al'adar nan ta rarraba mutane aji-aji tun daga haihuwa, da kuma naɗa ƴan ƙasa su zama limaman Ikilisiya, shi yana ganin in ba a yi ƴan ƙasa ba to aikin baƙo ne kawai, ran da baƙo ya tafi komai ya tafi. Da abin ya ƙi daidaituwa ya ajiye muƙamin ya koma Turai. Ran 8 ga Disamba 1856 ya hau tudun Fourvière a birnin Liyon da ƴan abokansa suka miƙa kansu ga aikin Afirka, wannan rana ita ce ranar haihuwar SMA, shi ya sa a tsofaffin takardu za ka ga ana ce musu ƴan mishan na Liyon, duk su ne.

Shi Dahome ya so zuwa, Roma ta ce a'a Saliyo. Ya sauka Freetown ran 14 ga Mayu 1859 ya tarar zazzaɓin shawara na cin garin, an ma ba shi shawara kada ya sauka daga jirgi ya ƙi. Su shida ne gaba ɗaya da waɗanda suka riga shi isa, cikin watan Yuni kaɗai biyar suka mutu, shi kansa ran 25 ga wata, sati shida ke nan da zuwansa. Ka tsaya ka yi tunanin wannan, ƙungiya ba ta cika shekara uku ba mai ita ya mutu da kusan duk wanda ya tafi da shi. Wanda aka bari a Liyon yana kula da ɗalibai, Augustin Planque, shi ya ɗauki ragamar kuma ya riƙe ta har 1907, kusan shekara hamsin, ni a ganina ba a ba shi haƙƙinsa a bakin mutane, kowa Brésillac Brésillac alhali wanda ya zauna ya yi ta roƙon kuɗi yana tura yara bakin teku yana karɓar wasiƙun mutuwarsu shi ne Planque. Shi ne kuma ya kafa ƙungiyar su maser, wato mata masu zaman zuhudu, ta Notre-Dame des Apôtres a 1876. A 1861 Francesco Borghero ɗan Italiya ya sauka Wida a Dahome, daga nan abin ya kama ƙasa ya bi bakin teku, Porto-Novo, Legas, har Gana da Kodebuwa. Ta ɓangaren ƙasar Hausa ta Najeriya kuwa, Oswald Waller da abokansa suka buɗe mishan a Shendam a 1907, daga baya SMA ƴan Ailan suka cika Jos da Kaduna da Kano. A 2020 Paparoma Francis ya amince a kira Brésillac mai daraja, matakin da ke kan hanyar zama waliyyi.

Yanzu mu dawo gida, don wannan shi ne ma'aunin da za ka riƙa gwada maganar kowa da shi. Momper François Faroud ɗan SMA shi ya kafa mishan ta Yamai a 1931, daga Dahome ya hauro, lokacin Yamai ba ta daɗe da zama babban birni ba. A 1942 Roma ta mai da Yamai yanki mai cin gashin kansa da Faroud a kai, kuma yankin ya wuce iyakar Nijar ta yau, ya haɗa da Fada Ngurma da arewacin Dahome. Redamtoris suka iso a 1946, a 1948 aka miƙa musu yankin, Constant Quillard ya karɓa, Faroud ya koma Paraku. A 1961 Yamai ta zama cikakkiyar diyosez da Monsanyer Hippolyte Berlier, Redamtoris, har 1984, sai Guy Romano shi ma Redamtoris. A 2001 aka yanke diyosez ta Maradi aka ba Monsanyer Ambroise Ouédraogo ɗan Burkina, kuma Tawa da Damagaram da Agadas da Difa duk can suka koma. A 2003 Michel Cartatéguy ɗan SMA ya zama bishop na Yamai, 2007 ya zama babban bishop, ya sauka a 2014 Laurent Lompo ya gaje shi, ɗan Nijar na farko da ya zama bishop, Bagurme daga wajen Makalondi.

Ka ga amfanin wannan? In tsohuwa ta ce maka momper wane shi ya yi mata batem, wato baftisma, shekarar da aka samu mulkin kai, ka san 1960 ke nan, kuma a Yamai a lokacin hannun Redamtoris abin yake, sai ka fara nema ta can. In an ce maka tun kafin yaƙin Hitila ne to SMA. In kuma ƙasar Gurmawa ce a ƴan shekarun baya-bayan nan, Makalondi da Bomoanga da kewaye, SMA sun dawo sun yi aiki sosai a wurin. Ba wai doka ce da ba ta karyewa ba, amma tana rage maka yawo. Har sunan majami'a yana ba da labari, katidral ɗinmu ta Yamai sunanta Notre-Dame du Perpétuel Secours, wato Uwarmu mai taimako kullum, kuma wannan hoton Maryamu ne da Paparoma Pius na tara ya damƙa wa Redamtoris a Roma, duk inda suka je da shi suke tafiya. In ka ga majami'a da sunan Alfons ko Jerar, waliyyan Redamtoris, ka yi zargin su ma sun bi ta nan. In kai ɗan Tawa ne ka lura da abu guda, takardun kafin 2001 da suka shafi bishop ta Yamai suka bi, na bayan nan Maradi, kada ka ɓata kuɗin mota ka tafi inda ba nan ba.

To sai rajista, inda ainihin aikin yake. Kowace parwas tana da littafin batem da na aure da na waɗanda suka rasu, kuma kowane layi akwai sa hannun momper ɗin da ya yi hidimar da kwanan wata. Wannan shi ne shaidar da ba ta mantuwa. Amma ba a shiga biro a ce a ba ni. Ka fara zuwa wurin momper mai riƙe da parwas ka gaishe shi ka faɗi abin da kake so da dalilin, in da hali ka zo da takarda daga kwamiti ko daga makarantarku, kada ka je ran Asabar da yamma ko Lahadi, ba wanda zai saurare ka, safiyar Talata ko Laraba ta fi. Ka ce a wurin za ka duba ba za ka fita da littafin ba, wannan kalmar kaɗai tana buɗe ƙofa. Ka tafi da fensir ba bik ba, ka wanke hannu, kada ka lashi yatsa kana juya shafi don takardar ta bushe da zafin ƙasar nan tana karyewa kamar ganye, wasu ma gara ta riga ka karantawa.

Yadda na yi, na ja layi uku a kaye, sunan mai sa hannu, ranar da na fara ganinsa, ranar da na daina ganinsa. Ba sai ka karanta kowane layi ba, ka bi gefen sa hannun kawai kana saukowa, inda rubutu ya sauya ka tsaya ka rubuta. Cikin kwana uku za ka ga jerin mutane ya fito da kansa da shekarunsu. Sai dai ka yi hattara da abu biyu. Wanda ya sa hannu sau biyu ko uku kawai cikin watan Yuli ko Agusta galibi baƙo ne da ya zo riƙon ƙwarya mai wurin ya tafi hutu, kada ka sa shi cikin jerin waɗanda suka zauna. Na biyu, in sa hannun mutum ya ɓace wata shida ya dawo ba wai ya bar parwas ba ne, hutu ne ko jinya. Tsofaffin littattafan wasu da Latin aka buga kan shafin, har sunayen mutane ma, za ka ga Petrus maimakon Piyer, Joannes maimakon Jan, kada ka ɗauka mutum biyu ne. Rubutun hannun su momper na da kuwa sai haƙuri, akwai wanda na yi sati ina karanta harafin farkon sunansa L ashe S ne.

Akwai inda za a ce maka littafin babu. Kowa ya san abin da ya faru a Janairu 2015, Damagaram ran 16 Yamai ran 17, aka ƙona majami'u da dama, kuma wuta ba ta tambayar wace takarda ce tsohuwa. In ka tarar da haka kada ka tsaya jajantawa kawai, ka tambayi biron bishop ko akwai kwafi na biyu, sannan ka bi gidaje, kowane Kirista tsoho yana da ɗan katin batem ɗinsa ko na aure a cikin akwati ƙarƙashin zannuwa, kuma sa hannun momper na jiki da hatimi. Ka ɗauki hoto da salula ka mayar masa da abinsa nan take a hannunsa.

Kuma don Allah abin da ka gani cikin rajista ba na Facebook ba ne. Akwai sunayen mutanen da suka karɓi batem danginsu ba su sani ba, akwai waɗanda suka koma Musulunci daga baya jikokinsu na nan cikin gari da mutuncinsu, akwai maganar aure da ta haihuwa da ba taka ba ce. Kai sa hannun momper ka zo nema, shi za ka ɗauka ka bar sauran inda ka same su.

Bayan takarda sai baki, kuma ni a nan na fi jin daɗin aikin. Matsalar ita ce tsofaffi ba su san su momper da sunan takarda ba, da laƙabi suka san su, Mai Gemu, Dogo, Mai Babur, Sarkin Gini, wani ma sunan abin da yake yawan faɗi da gurɓatacciyar Hausarsa ya bi shi. Aikinka shi ne ka aurar da laƙabin da sa hannun. Kada ka tambayi tsoho wace shekara, ba ya lissafi da haka, ka tambaye shi lokacin Diori ne ko Kunce, kafin yunwar 1973 ko bayanta, an gina gadar Kennedy ko da jirgin ruwa ake haye kogin Isa, wa ya yi maka aure, wa ya yi wa ɗanka na fari batem. Da ya ce Mai Babur ne ya ɗaura mana aure sai ka koma littafin aure ka nemo layinsu ka ga sa hannun, shi ke nan ka kama Mai Babur. Wannan dabarar ita ta warware mini mutum biyar.

Ka je da la'asar in rana ta yi sanyi, ka riƙe goro ko sukari da ganyen shayi, ka zauna ƙasa in a tabarma ka same shi, ka yi gaisuwa har ta ƙare kafin ka fito da kaye. In za ka ɗauki murya ka nemi izini, Baba in ɗauka don kada in manta? Yawanci za su ce ɗauki ɗana, amma wasu da sun ga salula a gabansu sai su koma yin wa'azi maimakon hira, irin waɗannan ka ajiye wayar ka saurara kawai ka rubuta in ka fita. Kuma kada ka tsaya kan Kirista kaɗai, wannan kuskure ne babba a ƙasar da kusan kowa Musulmi ne. Tsohon direban mishan, magini, mai dafa abinci, mai gadi, Alhajin da ya yi lekol ɗin mishan ya zama babban ma'aikaci, Hajiyar da ta haihu a hannun su maser, su ne suka ga su momper ba riga ba lames, sun san mai faɗa da mai kyauta da wanda ke cin tuwo da hannu da wanda har ya tafi bai iya gaisuwa ba. Wani dattijo Musulmi da ya yi wa mishan tuƙi shekaru ya ba ni labarin da babu wani ɗan kwamitinmu da ya taɓa ji, ya ce in sun yi tafiya daji lokacin salla ya yi momper ne ke cewa tsaya Malam ka yi sallarka, shi kuma ya buɗe littafin addu'arsa a inuwar mota.

Abin da mutum ɗaya ya faɗa ka rubuta shi a matsayin an ce, sai ka ji shi a baki biyu da ba su zauna tare ba ko ka gan shi a takarda kafin ka mai da shi tabbas. Kuma in an faɗi abin da ba daɗi, wane yana dukan yara a lekol, wane yana raina mutane, wane ya fi kusa da kwamandan bature fiye da talakawa, kada ka share don kana son littafin biki ya yi kyau. Sun zo zamanin mulkin mallaka, wasu sun yi rigima da Turawan mulki wasu sun sha shayi da su, mutane ne. Yadda za ka faɗe shi da ladabi wannan naka ne, amma littafin da kowa a ciki waliyyi ne ba mai yarda da shi.

In ka haɗa jerinka sai ka nemi ƙungiyar kanta ta cike maka gurbi. SMA suna ajiye tarihin kowane ɗansu, inda aka haife shi, shekarar rantsuwa, shekarar da aka naɗa shi, wuraren da ya yi aiki, inda aka binne shi. Babban gidansu da ma'ajiyar takardunsu na Roma, gidan asali kuma na Liyon. Amma kada ka fara da Roma, ka fara da ɗan SMA da ke kusa da kai a nan Yamai, shi ya san wanda za a rubuta wa kuma wasiƙar da ta bi ta hannunsa ta fi saurin samun amsa. Ka rubuta da Faransanci, gajere, sunan mutum yadda ka gan shi, shekarun da ka ga sa hannunsa, sunan parwas, da hoton sa hannun in kana shakka. Kada ka ce a turo mini duk abin da kuke da shi kan Nijar, ba mai amsa wannan. Ka tambayi ƙasarsa kuma, don SMA rassa gare ta, na Liyon daban, na Ailan da ke Cork daban, na Italiya da na Holan da na Sipaniya, kowane reshe da takardunsa. A intanet ma in ka buga sunan da SMA a bayansa sau da yawa za ka ci karo da ɗan tarihin da suka rubuta lokacin rasuwarsa, amma ka gwada shi da rajistarka, na ga inda suka rubuta sunan garinmu a karkace har ba ka gane shi.

Hotuna kuwa kada ka yarda da riga. A tsohon hoto dukansu farar doguwar riga ce da gemu da malafar nan ta Turawa. Ka juya bayan hoton ka ga ko an yi rubutu, ka kai wa tsofaffi biyu daban-daban su faɗi sunan, in sun saɓa ka rubuta ba a tantance ba ka wuce. Makabartar Kirista ma littafi ce, ka je da safe da ruwa a buta ka wanke allon kabari ka karanta, haruffan nan na bayan suna suna nan a jiki.

Sai abin da na kusa mantawa a namu littafin, kuma da na manta da na yi kuskure na biyu. Jerin SMA ba na Turawa ba ne kaɗai. Shekaru da yawa ba su ɗauki ƴan Afirka cikin ƙungiyar ba, hujjarsu ita ce aikinsu su gina limaman diyosez na ƙasa ba su cika gidansu ba, sai a babban taronsu na 1983 suka buɗe ƙofa. Yau in ka ga matashin momper SMA a Nijar zai fi yiwuwa ɗan Benin ne ko Togo ko Kodebuwa ko Najeriya ko Indiya, kuma da yawansu sun bi ta Kalabi kusa da Kwatano inda suke shekarar horon ruhaniya. Su suna raye, ka je ka zauna da su ka tambaye su da bakinsu. Ka sa su furer, ƴan ƙungiyar da ba a naɗa limamai ba, amma su suka gina ɗakuna suka haƙa rijiyoyi, ka sa su maser, ka sa katashis da suka yi tafinta, don momper da bai ji Hausa ko Zabarmanci ko Gurmanci ba wa ya isar masa da maganar in ba su ba.

Maganar Momper Pier Luigi Maccalli ba yadda za a yi ka tsallake ta in kana rubuta SMA a Nijar. Ɗan Italiya ne, aka sace shi a Bomoanga daren 17 ga Satumba 2018, aka sako shi a Mali a Oktoba 2020 tare da ɗan siyasar Mali Soumaïla Cissé da wasu. Ka rubuta abin da kowa ya sani ka tsaya nan, kada ka sa sunan ƙauyawan da suka ba ka labari, kuma kada ka ce za ka hau mota ka tafi yankin don ɗaukar hoton majami'a, hanyar ba ta da lafiya. Mutanen can da yawa sun taso suna nan Yamai da Makalondi da Torodi, ka tambaya a parwas a haɗa ka da su, in sun ga dama su yi magana in ba su so ka bar su.

In ka gama bugawa kada ka kai gidan buga littafi tukuna. Ka yi fotokopi uku ka kai wa tsohon katashis ɗaya, momper ɗaya, da wani tsoho da ba ya cikin kwamiti, wanda ba ya karatu ka zauna ka karanta masa da Hausa, ka ba su sati biyu. Da na yi haka tun farko da jika arba'in ɗin da muka sake kashewa wurin bugu na biyu suna aljihun kwamiti. Ka ajiye kwafi a biron parwas, ɗaya a biron bishop, ɗaya ka tura wa kanka ta imel, muryoyin tsofaffin ma haka, don biyu daga cikin waɗanda na ɗauka sun riga mu gidan gaskiya kafin a yi bikin.

Ni har yanzu akwai mutum ɗaya da ya gagare ni, wanda tsofaffin matan zumunta ke kira Mai Tantabara, sun ce yana kiwon tantabaru bayan ɗakinsa yana raba wa yara ƴan shila ran Noel. Sa hannu uku nake zargi cikinsu. An ce akwai wata tsohuwa a Harobanda da ya yi wa aure, ran Laraba in Allah ya kai mu zan haye gada da katin goro in ga ko katin auren na nan.